Ni Na Wanke Shi

Ni na wanke Ciyaman Jelani.
Ran Laraba, la'asar sakaliya,
a bayan ɗakin tsohuwarsa, Rijiyar Ɗorowa,
ni da Labbo ladan, da buta biyu, da ganyen magarya.
Rami uku na ƙirga.
Biyu a ƙirji, ɗaya ƙarƙashin kunne,
ƙarami, ko gujiya ba za ta shige ba.
Auduga ta jiƙe, muka sake wata.

Kafin ƙasar kabarinsa ta bushe
Sakkwato ta gama yanke hukunci.

A teburin Mani mai shayi, taki ne:
tirela tara da ya hana a karkatar,
ya tsaya Kwannawa da kansa yana ƙirga buhu.
"Wanda duk yat taɓa tukunyar manya," in ji Mani,
"hannunai za shi ƙuna."
Ya zuba madara, aka ce haka ne.

A Kara, cikin dillalan albasa, fadama ce,
wadda ke kwance a bakin Rima,
an kai masa takarda sau uku, ya ƙi sa hannu.
'Yan kabu-kabun Gawon Nama suka ce a'a, na gida ne:
"Ba ku ga mataimakinai ba?
Ko sadakar ukku ba a yi ba yaɗ ɗinka sabuwar shadda."
'Yan jam'iyya sun ce 'yan adawa.
'Yan adawa suka rage murya, suka ce mace ce,
suka kuma ƙi faɗin ko wace.

Wani malamin sakandare ya tsugunar da ni,
ya zana mini taswira a ƙasa da tsinken tsire:
kibiya daga ƙauyensu zuwa Abuja,
daga Abuja ta tsallake teku.
Wai akwai ma'adini ƙarƙashin maƙabartarsu,
wai tauraron ɗan'adam ya hango.
Yana cikin bayani akuya ta bi ta kan tekun.

Shekaranjiya kuma, a motar Boɗinga,
wani saurayi ya tura mini waya har hanci:
"Baba, bai mutu ba! Ga shi Ƙonni yana sayen cuku.
Icce anka naɗe cikin likkafani."
Na duba. Wani mutum ne, da hula, ya ba da baya.
Na dubi hannuna,
wannan da ya ɗaure haɓar,
wannan da ya ji sanyin tafin ƙafar.
Na ce, "Allah Sarki," na miƙa masa wayarsa.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na ce.
Yana da zuciya kusa, yana da son a yabe shi,
kuma tun muna sayar da fata a Shagon Goro
yake riƙe mini dubu shida.
Na yafe a kan makara, ba don na so ba,
don dai babu sauran wanda zan tambaya.

An kafa kwamiti.
Wata bakwai suna zama a otal, suna shan lemo.
An ce rahoton na cikin durowa,
an ce durowar ma an sace makullinta,
wannan kuma ya haifi nasa labarin.

Kowa na da dalili a baki, zafi-zafi kamar ƙosai.
Suna ne dai babu mai shi.

Abin da na sani, na ciro shi daga aljihun rigarsa:
ɓarin goro da sawun haƙori,
ƙwayar hawan jini guda huɗu,
da 'yar takarda, rubutunsa mai kama da tafiyar kaza:
"Takalmin makaranta, Kuluwa, lamba talatin da huɗu."

Na daɗe ina juya takardar nan,
ko ni ma zan ga kibiya a cikinta.
Babu.

Ran Juma'ar da ta wuce na shiga Tsohuwar Kasuwa,
na yi ciniki, na sayo, baƙi mai igiya.
Yarinyar ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu,
ta zauna a dokin ƙofa ta gwada.
Ya yi mata kaɗan.