Tanderun Vale de Corça

Kakana Abílio ba ya ganin ƙananan haruffa,
shi ke faɗa, ni ke bugawa.
Dare uku muka yi a kicin ɗinsa,
can saman duwatsun arewacin Portugal
inda awaki suka fi masu zaɓe yawa.

Tanderun gari muka rubuta.
Na dutse ne, bakinsa baƙi ƙirin,
gida-gida ake karɓar kwana a kansa.
Shekarar da ƙanƙara ta toshe hanya kwana arba'in da ɗaya
Ermelinda ta hana wutarsa mutuwa:
ta ƙona ƙyauren ɗakinta, ta ƙona gadonta,
ba a binne yaro ko ɗaya ba.

Muka saka shi a kundin sani na intanet,
wanda aka ce duk mai hannu ya zo ya rubuta.
Kakana ya sa hularsa ta zuwa coci
ya zauna gaban allo.

Kafin burodin Asabar ya huce
an manna wa shafin tambari:
Bai cancanta ba. Babu madogara.
Za a goge nan da mako guda.

Telmo ne, daga Braga. Ba mugu ba ne.
Ya ce: Wa ya rubuta wannan kafin ku?
Wace jarida, wane littafi?
In na buɗe wa kakanki ƙofa
gobe wani zai kawo nasa kakan
da ya kashe kyarkeci ɗari da cokali.
Shekara tara ina shara a nan,
ni na san abin da iska ke kwasowa.

Iolanda ta amsa daga Recife:
Ƙa'idarka taru ce mai manyan idanu,
babban kifi kaɗai take riƙewa.
Wa zai aika ɗan jarida garin da mota ba ta hawa?
Wanda ba a rubuta jiya ba
ka hana a rubuta shi yau,
gobe ka ce ai ba a taɓa rubuta shi ba.

Wani ya ce a cusa mu a shafin gunduma,
layi ɗaya ya ishe mu.
Suka yi ta ja, kalma dubu shida,
mu kuwa ɗari uku muka ba tanderun.

Kakana ya ce: Gaya masa ni ne madogarar.
Shekarata bakwai, na ci burodin,
ɓawonsa na warin fentin ƙyaure.
Na buga. Telmo ya ce: Har zuciyata na yarda da shi,
amma kundin kurma ne, takarda kaɗai yake ji.

Rana ta shida na hau bas zuwa Bragança.
A ɗakin karatu, cikin jaridun da suka zama ruwan ƙasa,
na samo mu.
Motar wani mataimakin gwamna ce ta lalace,
ya fake a tanderun, ya gutsuri burodi,
ya ce ba laifi.
Layi huɗu, da hotonsa yana taunawa.
A gefe, hannun mace riƙe da faranti,
sauranta an yanke.

Shafin ya tsira.
Telmo da kansa ya gyara mana waƙafi, ya yi godiya.
Yanzu kundin ya san tanderun
da mataimakin gwamna ya taɓa ziyarta.
Kwana arba'in da ɗayan nan kuwa an ajiye su gefe
sai an kawo hujja.

Na karanta wa kakana. Bai ce komai ba.
Can ya ce in ƙara girman hoton.
Na ƙara, na ƙara, har fuskar babban mutum ta fice daga allo.
Ya kara hancinsa kusa,
ya ɗora yatsa kan tabon ƙuna a gindin babban yatsa.

Ita ce, in ji shi.
Ya cire hular, ya rataye.
Kada ki gaya wa Telmo.
Hannun dai ya shiga.