Da Sauran Wuri a Benci

Kai mai shuɗiyar riga,
na ƙidaya maka: yau Juma'a bakwai
kana tsayuwa a bakin garejin Ari,
ƙafa ɗaya a inuwar maina, ɗaya a rana,
kamar mai jiran motar Tanut
da bai tabbata yana son tafiyar ba.

Kada ka ce hanya ce ta biyo da kai.
Hanyar Kasuwar Dole ba ta lanƙwaso nan.
Na ga idonka ran da muka buɗe bakin Fijon Nomau,
tsohuwar da ta girmi ƴaƴansa duka.
Na ga leɓenka yana motsi
sa'ad da injin ya yi tari uku ya mutu.
Ka san ciwonta.
Ka haɗiye, ka tafi da shi gida.
Mu kuwa kwana biyu muna zargin fulogi,
ashe rairayi ne ya toshe hanyar mai.

Wa ya ce maka sai mai mota ke zama nan?
Dubi Kyari, kekensa ma na aro ne,
amma daga bayan katanga yake gane kukan kowace mota,
ya ce wannan ta likitan dabbobi ce,
waccan ta ƴan barkono ce, ta yi lodi fiye da ƙarfinta.
Dubi Gaptiya, malamar lekol,
kuɗin taya ɗaya ta zo tambaya, damina huɗu ke nan,
yau ita ke raba mu
in an zo batun man da ke jure zafin bazara.

Muna musu, ban ɓoye maka ba.
Isuhu ya rantse ba a sake ƙera mota ba tun bayan Lanroba,
Mutari ya ce garma ce aka yi wa rufi.
A yi la'asar sahu ɗaya,
a dawo a ɗora daga inda aka tsaya.
Shayin farko, mai ɗaci, na masu gardama ne,
na uku, mai zaƙi, na wanda aka kayar.

Ni da kake gani da baki har kunne,
shekara biyu na yi a gindin itacen nan
ina tsoron in kira ƙarfe da sunan da ba nasa ba
a yi mini dariya.
An kuwa yi.
Lagireto na ce wa tukunya.
Har gobe Tukunya suke kirana.
Amma ran da tsohuwata ta rasu a Mirriya
mota shida suka biyo ni,
biyu da turi suka iso,
ba wanda ya juya.

Ba ma neman takarda, ba ma karɓar ko dala.
Kawo abin da ke hannunka:
labarin babbar motar da wani naka ya tuƙa zuwa Agadas, in akwai,
ko tambayar nan da kake jin kunyarta,
ko hannun kawai,
a riƙe mana fitila in magariba ta riske mu kwance ƙarƙashin mota.
Motar da aka daɗe ba a tayar ba, batirinta ke sanyi,
sai an tura.
To ga mu. Turi dai mun iya.

Masu shiru sun ishi garin nan.
Ga duwatsun Birni can,
tun kafin a shimfiɗa kwalta suke kallo,
ba su taɓa gaya wa kowa abin da suka gani ba.

Kyari, matsa.
Ɗauke sifanar nan daga benci.
Baƙin man kuwa bar shi, kada ka goge,
rigar da ba ta taɓa shi ba har yanzu baƙuwa ce.

Fijon Nomau ta koma tari tun safe,
mun yi shiru, ga ta, saurara.
Kai mai shuɗiyar riga,
yaya sunanka,
kuma me kunnenka ya ji?