Layi Guda, Kunne Biyu

Ƙarfe tara na dare a Tawa,
ofishin ƙungiyar manoman albasa.
Fanka na juyi kamar an tilasta mata.
Ni da kwamfutar da Nomau ya bari,
da faifan Linuks, ya rubuta bisa murfi:
"Kyauta ne, amma da gumi ake biya."

Buhu ɗari huɗu na jira a Galmi.
Mai saye a Abijan ya ce a aiko farashi
kafin Alhamis, ko ya nemi wani.

Na kira modem da sunan da aka ba ni,
ttyS0. Shiru,
kamar sallama a ƙofar kango.
Na goge sifili, na sa ɗaya,
na rubuta ATZ, na danna,
sai ga OK, baƙaƙe biyu tak,
na yi murna kamar an ce in shigo.

Amma amsa sallama ba shimfiɗa ba ce.
Ta ce ba ta jin motsin layi.
Na durƙusa da tocila a baki,
ashe ramu biyu ne a ƙeyarta,
ɗaya na bango, ɗaya na tarho,
na kai kowace waya gidan ƴar'uwarta.

Na gyara. Ta kira. Ba a ɗauka ba.
Layinmu tsoho ne, tun na tarho mai juyi da yatsa,
bai san busar lambobi ba,
ƙwanƙwasa kaɗai yake ganewa.
Na cire T, na dasa P a gurbinta,
ta fara ƙirga lamba, ƙas, ƙas-ƙas, ƙas,
sai kukan nan ya tashi:
gyare, da butar shayi, da injin niƙa,
duka cikin maƙogwaro guda.
Sai tsit. Mun haɗu.

Minti ɗaya bai cika ba,
NO CARRIER.

Dare uku haka.
Na zargi gara a gindin turken waya,
na zargi kuran da ke zuwa yana tafiya,
na rage gudu har ya koma na jaki,
na kashe jika biyu ina kiran Yamai.
Nomau ya ce, "Karanta littafin ajiyarta.
Wannan tsarin ba ya kulle ɗaki,
duk abin da ya faru yana rubuce."
Na karanta har idona ya yi ja.
Ya rubuta cewa an katse.
Bai rubuta wa ya katse ba.

Dare na huɗu ƙishirwa ta fitar da ni.
A zaure na tarar da Agali mai gadi,
ɗayan kan tarhon manne da kunnensa,
rawani ya zame bai kula ba.
"Wa ke magana?" yake cewa a hankali,
"Elmoktar, kai ne?"

Duk lokacin da modem ta ƙwanƙwasa lamba,
ƙararrawar zaure takan ɗan yi tsirin-tsirin.
Ɗansa ya tafi Tamanrasat wata bakwai,
ya ce zai kira da dare.
Tsohon kan ɗauka, ya ji wannan shuuu,
ya ce iskar hanya ce, muryar na baya,
ya jira.

Babu umarnin da zan rubuta wa wannan.
Na zauna bisa tabarmarsa,
ya zuba mini shayi na biyu,
muka raba dare kamar gona:
tara zuwa tara da rabi na albasa,
sauran duka nasa.

Farashi ya isa Abijan ranar Laraba.
Yanzu in na gama, nakan zare wayar da hannuna,
in leƙa zaure in ce, "Layi ya buɗe."
Ya kan jawo kujerarsa kusa,
ya ɗora hannu bisa tarhon,
bai ɗaga ba.