Hanyar Zuwa Gajimare

Alhaji Mantau ya ce in kai littattafansa gajimare,
na riɗi, na aya, na bashin mutanen Dakoro,
tun da gara ta cinye shafi goma sha ɗaya
ta bar mu da gardamar da har yau ba ta mutu ba.

Na ce, Alhaji, ɗaukar kayan ba wuya,
hanyar ce abin shawara.

Akwai ta kowa da kowa,
rezon da samari ke kallon ƙwallo a kai.
Mu haƙa namu rami a ƙarƙashinta,
mu ɗinke bakin buhu, mu sa kwaɗo,
ɓarawo ya ga wucewa, bai san me ya wuce ba.
Arha gare ta.
Amma ran Juma'a in gari ya cika
sai ta koma amalanken shanu
a yashin Gulbi.

Ya ce, wadda ba cunkoso fa?

Zaren gilashi ne, bai kai silin gashi ba,
a ja shi daga nan unguwar Zariya
har inda injinan suke kwana cikin sanyi,
ba mai takawa sai kai.
Na rubuta kuɗin wata a bayan ambulan.
Ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar,
ya ce ko wani sifiri ya faɗo bisa kuskure.
Ban ba shi labarin bara ba,
da diga ɗaya ta mai gyaran lambatu
ta sa ofis guda ya wuni yana hamma.

Barira mai lissafi ba ta ko ɗago kai ba:
a kafa faranti bisa soro mana,
ya yi magana da tauraro.
Gaskiyarta. Sai dai a tsakiyar damina,
in hadari ya haɗo daga gabas,
gajimaren Allah kan tare hanyar na mutum.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi.
Can ya ce, kakana da jaki biyu yake fatauci,
ba don kayan sun yi yawa ba.

Ga ni nan bisa tsani, almuru ta kawo kai,
waya a baki, filaya a aljihu,
ina ɗaura ta biyu kusa da ta fari.
Ta wajen Madarumfa ana walƙiya.
Ƙasa kuwa, ta taga, ina hango shi
yana saka sabon littafi mai baƙin bango
cikin akwatin ƙarfe,
ya barbaɗa maganin gara,
ya kulle.