Awa Shida a Ankara

Jirgin ya kwana yana tahowa daga Takoradi,
fari fat, hawa goma sha ɗaya,
ya fi duk wani bene na Nima tsayi.
Da hantsi ya jingina da gaɓar Tema
ya amayo mana mutum ɗari huɗu
masu malafa da jan wuya.

Ni ce mai ɗaga allo mai lamba bakwai.
Nii Okai na kan sitiyari, aswaki a baki.
Talatin da biyu ne rabona,
na ƙirga su kamar ƙwan aro.
Awa shida aka ba ni in nuna musu Ankara,
in maido su ba wanda ya yi ko tuntuɓe.

Na leƙa takardar tafiyarsu a hannun wani:
Dakar Litinin, Banjul Talata,
kwana biyu ruwa zalla,
mu Asabar, Lome gobe da safe.
Ƙasa guda a yini guda,
kamar mai zaga tukwanen gidan biki
yana lakatar kowace miya da ɗan yatsa.

A Teshie minti ashirin:
akwatin gawa mai siffar kifi, wani mai siffar barkono.
Suka yi dariya, suka ɗau hoto,
wani ya tambayi kuɗin nasa.
Makola ta taga kawai,
don kamfani ya ce kada ƙafarsu ta taɓa kwata.
Warin dokunu da soyayyen kifi ya biyo mu,
sanyin mota ya kore shi.

A kujerar ƙarshe akwai wata tsohuwa,
baƙa kamar kakata, ba ta ɗaukar hoto.
Dona Zulmira, daga Bahiya.
Ta ce jiragen uku aka jera mata,
ɗaya mai gidan rawa, ɗaya mai tafkin wanka biyu,
ta zaɓi wannan, mafi tsufa,
don shi kaɗai ke tsayawa a nan.

A gindin hasumiyar Jamestown, mai ja da fari,
sauran sun bi masunta da kyamara,
ita ta kamo gefen gyalena.
Ta ce kakarta na da wata magana
da take yi kullum in ta buɗe ƙofa,
babu wanda ya san ma'anarta a gidansu.
Ta gyara murya, ta rufe ido:
“Barika da suba.”

Allon ya kusa faɗi daga hannuna.
Rana tsaka, ƙarfe biyu saura,
amma na amsa mata, “Barka kadai. Kin tashi lafiya?”
Na ce gaisuwa ce, Dona, gaisuwar asuba.
Ta ce shi ke nan? Na ce shi ke nan.
Ta yi dariya har da hawaye:
shekara saba'in tana zaton addu'a ce.
Na ce ai ba ki yi nisa ba.

Na so in kai ta Nima,
ta zauna a tabarmar Hajiya Damata
ta sha koko da ƙosai, ta ji sauran maganar.
Minti goma sha biyar ne in hanya ta yi kyau.
Nii Okai ya nuna mini agogo.
Nima ba ta cikin takarda.

Biyar daidai jirgin ya yi kukan sa.
Talatin da biyu na miƙa, aka sa hannu.
Ta hau tsani tana dafa ƙarfe,
ban ga ko ta waiwayo ba,
wani mai malafa ya tare ni yana neman canjin sidi.

Yanzu suna Lome, ko sun wuce.
Ɗazu Hajiya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da carbi a hannu,
ta faɗi abin da take faɗi kullum.
Na daɗe ban amsa ba,
har ta ce, “Ke, lafiya?”