Ƙanzo

Shekara ashirin da bakwai Tsujimoto yana yaƙi da ƙanzo.
A wani ɗaki a Osaka, hawa na huɗu, daf da layin dogo,
ya koya wa tukunyar lantarki ta gane ruwa ya tsotse,
ta kashe kanta tun gindi bai yi ja ba.
Shinkafa fara sol, kowace ƙwaya rungume da 'yar'uwarta.
Har takardar yabo aka rataya masa a bango.

Ni tafinta ce, sunana Farangis.
A Shiraz aka yanke cibiyata, aure ya kawo ni nan,
da harshe biyu nake neman na kai wa baki.
Ranar Talatar, ni aka miƙa wa wasiƙar.

Dillalinmu na Tehran, Bahmani, ya rubuto:
tukwane ɗari shida sun dawo shago.
Babu wadda ta lalace.
Masu saye sun ce ba sa ƙona shinkafa.

Na juya maganar zuwa Japananci. Ɗaki ya yi tsit.
Tsujimoto ya ce in sake karantawa,
wai ko idona ya ƙara wani "ba".
Na ce haka take. Laifin tukunyarka, ba ta da laifi.

Ta yaya zan fassara masa tahdig?
Ƙamus ya ce: abin da ya kama a gindin tukunya.
Ƙamus bai taɓa zama a gidan kakata ba,
inda ake kife tukunya a kan faranti,
kowa ya riƙe numfashi,
a ɗaga,
ƙanzo ya fito jawur, a dunƙule, yana tururi,
yara na zungurin juna da gwiwar hannu,
a ɓalli mafi kyau a tura gaban baƙo.

Sai na ajiye ƙamus.
Washegari na zo da tukunyar ƙarfe daga gida,
da man shanu, da za'afaran ɗin da ƙanwata ta aiko.
Na ɗora a kicin ɗin ma'aikata.
Ƙararrawar hayaƙi ta kama ihu, maigadi ya hauro a guje,
injiniyoyi bakwai na tsaye da biro a hannu.

Ya gutsura. Ƙurus, har bakin ƙofa aka ji.
Ya daɗe yana taunawa.
Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa:
lokacin da ake girki da itace,
uwata takan kankaro min wannan. Okoge muke ce masa.
Ni na kore shi daga gidajen mutane,
kuma aka ba ni takarda.

Wata goma sha ɗaya muka yi a kai.
Mu muna hamma da yamma, Tehran na shirin cin rana.
Bahmani ya ce samfurin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau,
na san bai yi ba.
Tsujimoto ya ja iska ta haƙori ya ce za mu duba,
na san an rufe ƙofa.
Kowa ya ajiye waya yana murna an daidaita,
ni kuma in bi su ɗaya bayan ɗaya
ina fassara abin da ba su faɗa ba.

Sabuwar tukunyar tana da maɓalli guda,
daga fari-fari zuwa ja, zuwa jan da kakata za ta yarda da shi.
An tura kwantena biyu. Ko ɗaya ba ta dawo ba.

Ranar da ya ajiye aiki, shi ya kife tukunyar da hannunsa.
Gefe ɗaya ya ɗan fashe.
Ya ɓalli babban ya turo gabana.
Na ce na ƙoshi. Ya sake turowa, na ce a ba wani,
kamar yadda aka koya min a Shiraz.
Bai janye hannu ba.
Ya ƙirga, ya turo na uku.