Fitilar Baya

Ƙarfe biyar ba ta cika ba, duhu ya rufe Groningen.
Ranar Nuwamba ba ta da zama a garin nan,
ta leƙo, ta ga ruwa, ta koma da baya.

Ni ce Aukje, mai rumfar gyara a gindin ɗakin karatu.
Shekara ashirin da uku hannuna cikin baƙin mai,
farcena ya manta launinsa,
ina gane ciwon keke tun daga kukan taya.

Jami'a ta damƙa mini kekunan aro ɗari da sittin,
duk shuɗɗa, kowanne da lamba a ƙarƙashin sirdi.
Sabon ɗalibi ya sa hannu, ya ajiye jingina,
in ba shi makulli, in ɗora masa wa'azi.
Wa'azin gyara ne, ba ya cikin yarjejeniya.

Nakan ce: jan kwalta naka, baƙi na mota,
dakalin gefe na masu ƙafa.
In za ka karya kwana, miƙa hannu tun da nisa,
na bayanka ba boka ba ne
balle ya karanta maka zuciya.
Wayarka ta kwanta a aljihu,
babu saƙon da ya kai darajar ƙashin wuya.

Su yi ta dariya.
Jelte mai karatun haɗa magunguna ya ce,
"Inna, tun ina ɗan shekara uku nake kan feda,
kifi za ki koya wa iyo?"
Na ce, "Kifi ma yakan ƙare a kaskon suya."

Ban ba shi labarin Tjerk ba.

Lamba arba'in da bakwai.
Dogo, mai jan gashi, wandonsa kullum da laka,
yana ƙirga tsuntsayen bakin teku don digirinsa,
yakan kawo mini burodi mai zabibi ran Laraba.
Wata Juma'a ya zo, na riga na sa kwaɗo,
ya ce fitilar baya ta mutu.
Ƙafata na ciwo, miyata na jira a gida,
na ce, "Litinin ma rana ce."
Ya ce to. Ya kaɗa ƙararrawa sau biyu,
ya hau hanya.

Hazo ya taso daga mashigin ruwa a daren.
Direban bas ya rantse yana kuka
cewa a mararrabar gada
bai ga komai ba. Ko ɗigo ɗaya.
Na yarda da shi,
ni na san ba ya ƙarya.

Yanzu akwai farin keke ɗaure da sarƙa a wurin,
ba mai hawa, ba mai sata.
Hukumar jami'a ta yi zama, ta yi zama,
aka rage gudu, aka kafa alluna,
aka sa tara ga mai tafiya ba haske.
Duk daidai ne. Amma allo ba ya da hannu,
ba ya tare yaro a tsakiyar tafiya.

Shi ya sa da la'asar nake jan kujera bakin ƙofa
da kwandon ƙananan fitilu a cinya,
fara ta gaba, ja ta baya.
Da kuɗina nake saye. Ba wanda ya tambaya.
Ba na sa kwaɗo sai kwando ya ga gindinsa,
miya ta huce, a sake ɗumama ta.

Ɗazu Jelte ya tsaya yana sosa ƙeya,
ruwa na ɗiga daga hancinsa.
"Tawa ta mutu," in ji shi, "ko in dawo Litinin?"
Na kama sirdin da hannu biyu.
Na ce, "Sauka."

Minti uku, har da ɗaure birki.
Ya tafi bai gama godiya ba.
Na tsaya cikin yayyafi ina bin jan ɗigon da ido,
yana ƙyaftawa, yana ƙanƙancewa,
ya wuce farin keke,
ya haye gada lafiya.